Hotunan Da Ke Cikin Adaka: Abin Da Ƙaramar Firinta Za Ta Iya Ceto Wa Koki

Bakanon da bai kai shekara arba'in ba bai taɓa ganin dalar gyaɗa da idonsa ba. Abin da ya sani game da waɗancan buhunan da ake jerawa har su yi tsororuwa kusa da layin dogo, a hoto ya gani, kuma mafi yawan hotunan baƙi da fari ne. Haka zancen yake ga tsofaffin ƙofofin birni kafin a rushe wasu a sake gina su da siminti, da ganuwa kafin gine-gine su cinye ta, da fuskar Sarki Abdullahi Bayero wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Sai dai kaso mai yawa na hotunan da duniya ta san Kano da su, baƙi ne suka ɗauka, wato jami'an mulkin mallaka da ma'aikatan kamfanoni da masu yawon buɗe ido, kuma abin da ya ba su sha'awa suka ɗauka: kasuwa, hawan sallah, karofi, raƙuma. Sauran rabin tarihin, wanda mutanen gari suka yi wanka suka sa manyan kaya suka tsaya gaban mai hoto da kansu, yana nan a cikin gidaje, a ƙasan adaka, a cikin ambulan da ya yi ja, ko a bayan gilashin da ƙura ta rufe. Wannan rabin ne yake salwanta a kowace damina, kuma ceto shi bai fi ƙarfin iyali ɗaya da na'urar sikanin da ƙaramar firintar gida ba, muddin an san abin da na'urar za ta iya da inda ƙarfinta ya tsaya.

Unguwar Koki, a cikin birnin Kano, wuri ne da ya dace a auna wannan magana. Unguwa ce ta fatake da malamai. A nan ne, tsakanin Koki da Sarari, zuri'ar Alhassan Dantata ta kafu, mutumin da ya faro da fataucin goro zuwa Gwanja, ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano a wajajen 1912, ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin attajiran da suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Sunan unguwar ne kuma Alhaji Mahmudu Koki yake ɗauke da shi, malamin da ya yi aiki da Bargery wajen haɗa babban ƙamus na Hausa da ya fito a 1934, wanda Neil Skinner ya fitar da tarihin rayuwarsa a Zariya a 1977. Unguwar da mutanenta suke zuwa Ikko da Kumasi da Makka tun da wuri, dole ta haɗu da kyamara da wuri. Bafatake yana buƙatar takardar tafiya, maniyyaci yana buƙatar hoton fasfo, ɗan makaranta yana buƙatar hoton shaida, ango da abokansa suna son abin tunawa. Dattijo da yawa da bai taɓa yarda a ɗauke shi ba, tafiyar aikin hajji ce ta zaunar da shi gaban mai hoto, kuma wannan ɗan hoton da bai kai tafin hannu ba shi kaɗai ne jikokinsa za su san kamanninsa da shi.

Yadda tsohon hoto yake mutuwa

Tsohon hoton baƙi da fari ba tawada ba ce a kan takarda. Ƙananan ƙwayoyin azurfa ne da haske ya taɓa, sinadarin wankin hoto ya mayar da su baƙi, suna zaune a cikin wani siririn shafi mai danƙo a saman takardar. Idan an wanke shi da kyau aka ajiye a busasshen wuri, yana iya haura shekara ɗari, shi ya sa hotunan da aka ɗauka bayan Turawa sun ci Kano a 1903 har yanzu ana iya ganinsu sarai a ɗakunan adana tarihi. Amma gidan ƙasa a cikin birni ba ɗakin adana tarihi ba ne. Laimar damina tana tausasa wannan danƙon, hotuna su manne da juna ko da gilashi, kuma duk wanda ya yi gaggawar ɓamɓarewa zai tafi da fuskar mutum. Gara tana cin takarda. Zafin bazara yana sa ta lanƙwashe ta tsage. Azurfar kanta tana tasowa sama, gefen hoton ya riƙa ƙyalli kamar madubi, tsakiyarsa ta koma ruwan ƙasa. Sai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya, wato a kai hoto shago a rufe shi da leda a cikin inji mai zafi domin wai kada ya lalace. Zafin da gam ɗin sun riga sun shige shi, kuma ba a iya cire ledar ba tare da an ɗaye hoton ba. A ƙarshe akwai rabon gado da tashi daga gida, lokacin da ake tattara tarkacen mamaci a yi shara da abin da ba a ga kuɗi a jikinsa ba.

A da, idan hoto ya lalace, sai a koma wurin mai hoto da dodon hoton ya sake wanko wani. Yau wannan ƙofa ta rufe. Shagunan da suke da ɗakin duhu sun koma hoto mai kala, daga nan suka koma kwamfuta, wasu suka rufe gaba ɗaya, dodannin hoton da suka tara kuwa da wuya a ce ga inda suka shiga. Ko kamfanin Kodak, wanda sunansa yake a bayan miliyoyin hotuna a duniya, sai da ya nemi kariyar kotu saboda karayar arziki a 2012. Ma'anar wannan ita ce, takardar da ke cikin adakar Hajiya sau da yawa ita kaɗai ce ta rage a duniya. Abin da yake guda ɗaya tak, komai kula da shi, wata rana zai ɓata. Maganinsa a yawaita shi, a raba shi gida-gida.

Mai musu zai ce ai wannan an riga an gama shi, tunda kowa yana da waya: a ɗauki hoton hoton, a tura wa dangi a WhatsApp, shi ke nan ya yawaita. Akwai gaskiya a ciki, domin kwafin waya ya fi babu, kuma duk wanda ba shi da wata hanya ya yi hakan yau. Amma wayar da ake canzawa duk bayan 'yan shekaru, wadda ake sacewa, take faɗawa ruwa, ake goge ta idan ta cika, ba ma'aji ba ce. WhatsApp yana matse hoto ya rage masa nauyi sai dai idan an tura shi a matsayin fayil, kuma duk lokacin da wani ya ɗauko shi daga fuskar waya ya sake turawa, wani abu na raguwa, har zanen aska a wuyan riga ya koma dishi-dishi. Shafin Facebook ko ma'ajin intanet yana tafiya da lambar sirrin mai shi ranar da ya rasu. Uwa-uba, hoton da ke cikin waya yana nutsewa a cikin dubban wasu, babu suna babu shekara. Takarda kuwa ba ta neman caji ko data, kuma tsohuwar da idonta ba ya jure hasken waya za ta riƙe ta a hannu ta ce wannan wane ne, wancan ƙanin wance ne. Fayil da takarda ba kishiyoyi ba ne, kowanne yana rufa wa ɗan'uwansa asiri, kuma wanda ya dogara da guda ɗaya ya yi ganganci.

Me ya sa baƙi da fari ya fi wuyar bugawa

A nan ne mutane da yawa suke karaya. Mutum ya sayo firinta mai feshin tawada, ya buga hoton biki mai kala ya fito tas, sai ya buga hoton kakansa ya ga farar riga ta yi kore-kore, fuska ta yi ja-ja, inuwar rawani ta zama baƙin dunƙule. Sai ya ɗauka na'urar ce jabu. Dalilin yana cikin yadda aka ƙera ta. Firintar gida ta yau da kullum tawada huɗu take da ita: shuɗi mai haske, ja mai sirkin shunayya, rawaya, da baƙi. Ba ta da ruwan toka. Hoton baƙi da fari kuwa kusan dukkansa ruwan toka ne hawa-hawa, domin fayil na yau da kullum yana ɗauke da matakai 256 daga baƙi ƙirin zuwa fari fat. Don ta samar da waɗannan matakai, firinta tana fesa ɗigo-ɗigon launuka ukun nan kusa da juna, ido ya haɗa su ya ga toka. Idan ɗaya ya ɗara sauran ko da kaɗan ne, tokar ta karkata. A hoto mai kala ba a lura da wannan, saboda ba wanda ya san ainihin shuɗin zanin amarya, amma ido ya san toka, kuma nan take yake kama ta idan ta gurɓata. Akwai ma wani abin mamaki: bugu ɗaya yana iya zama daidai a hasken tsakar gida, a shigar da shi ɗaki ƙarƙashin farin ƙwan lantarki ya rikiɗe, saboda kowane launi yana amsa kowane haske ta hanyarsa.

Mafita tana hawa uku, gwargwadon aljihu. Hawa na farko ba ya cin ko kwabo: a gaya wa na'ura gaskiyar irin takardar da aka sa mata. Yawan tawadar da take fesawa ya dogara da abin da aka zaɓa a kwamfuta, kuma wanda ya sa takarda mai sheƙi ya bar zaɓin a kan takardar rubutu ba zai ga abin kirki ba. Sannan a zaɓi bugun toka zalla, a bar ko manhajar hoto ko firinta, ɗayansu kaɗai, ta kula da launi, domin idan su biyun suka sa hannu gyara biyu ne yake hawa kan juna. Wasu firintocin suna yarda su yi aiki da baƙar tawada kaɗai idan an zaɓi takarda marar sheƙi. Irin wannan bugu ba ya karkata zuwa kore ko ja, sai dai ana ganin ɗigo-ɗigo a wuraren da suka yi haske, wanda a tsohon hoto bai cika zama aibu ba. Hawa na biyu shi ne firinta mai tankin tawada da ke da ruwan toka nata na musamman, irin su Canon G540 da G640, ko Epson L8180. Da zarar an samu tawadar toka, na'ura ta rage dogaro da cakuɗa launuka, fuska ta fito sumul. Hawa na uku na ƙwararru ne, irin su Epson SureColor P700 da Canon imagePROGRAF PRO-300, masu tawada goma, ciki har da baƙi iri biyu, ɗaya na takarda mai sheƙi ɗaya na marar sheƙi, da toka. A kula kuma, yawan kwalabe ba shi ne abin dubawa ba. Epson L805, wadda masu shagon hoto suka sani sosai, tawada shida gare ta amma babu toka a ciki, don haka ta fi gwaninta a kan kala.

Bayan kyan fita sai ƙarko, kuma a nan ne ya kamata a faɗi gaskiyar da mai sayar da firinta ba zai faɗa ba. Tawadar firinta iri biyu ce. Ɗaya narkakkiya ce, tana shiga jikin takarda kamar yadda baba ke shiga zare a karofin Ƙofar Mata, ɗayar kuwa gari ne mai laushin gaske da ke zama a saman takarda, 'yar'uwar tawadar gawayi da ƙaro da almajiri yake rubutu da ita a allo. Ta farkon ta fi arha da sheƙi, ita ce a cikin mafi yawan firintocin tanki da ke kasuwa, amma rana da iska suna cinta, kuma launukan ba sa dusashewa tare. Hoton da aka gina tokarsa da launuka uku, idan ɗaya ya riga sauran gudu, sai ya koma wani launi daban. Ta biyun, musamman baƙinta da ake yi da gawayin masana'anta, ta fi jure haske nesa ba kusa ba. Saboda haka wanda yake da firinta mai narkakkiyar tawada kada ya rataye bugunsa tsirara a zaure inda rana da hayaƙin janareta suke kaiwa. Ya bar shi ya bushe na yini guda, ya sa a albam mai aljihu ko a bayan gilashi, ya kuma riƙe fayil ɗin domin ya sake bugawa idan ya kwana biyu. Tawadar cikawa marar suna da ake sayarwa da arha tana iya yin takardun makaranta, amma ba a san abin da za ta zama ba bayan shekara biyar, don haka ba ita ce ta hoton kaka ba. Daga nan ake gane matsayin bugun gida: shi kwafi ne mai yawo a hannun jama'a, yana ɗauke wa na asali wahalar taɓawa. Duk wanda ya buga sabo ya yar da tsoho ya yi asarar da ba ta da mayi, domin mai yiwuwa tsohon ya fi sabon tsawon rai.

Kyan bugu daga sikanin yake farawa. A share gilashin na'ura, a kaɗe ƙurar hoton da burushi mai taushi, kada a kusantar da ruwa ko tsumma mai laima. Lissafin ba shi da wuya: bugu mai kyau yana son ɗigo 300 a kowane inci. Hoton da yake santimita 6 a 9, idan aka ɗauke shi a kan 600, zai ba da kimanin ɗigo 1,400 a 2,100, wanda zai bugu da kyau a girman santimita 12 a 18, wato ninki biyu. Wanda ya matsa sai ya cika takardar A4 da ɗan hoton fasfo, hazo zai samu, domin na'ura ba ta ƙirƙiro abin da kyamara ba ta kama ba. Ya fi kyau a yi sikanin da kala ko da hoton baƙi da fari ne, saboda tabon ruwa da jan tsufa sun fi sauƙin ragewa idan kwamfuta tana ganin launinsu, daga baya a mayar da shi toka. A ajiye fayil na farko yadda ya fito, a tsarin TIFF idan da hali, a yi gyara a kan kwafinsa. A juya hoton a ɗauki bayansa, domin hatimin mai hoto ko rubutun ajami da ke wurin sau da yawa shi ne kaɗai shaidar wuri da shekara. Hoton da ya manne da gilashi kuwa a ɗauke shi a haka, da kyamara a inuwa, kada a ce sai an raba su.

Amana kafin ado

Musu mafi ƙarfi a yau ba na kuɗi ba ne, na sha'awa ne. Ga manhajojin waya masu ƙirƙirarriyar basira da ke karɓar hoto mai hazo su dawo da shi garau, har da kala, cikin daƙiƙa kaɗan. Me zai sa a wahala da matakan toka alhali ana iya ganin Alhaji da shuɗiyar riga da jar dara? Amsar ita ce, waɗannan manhajoji ba sa tono abin da ya ɓoye a cikin hoto. Cike gurbi suke yi da abin da suka koya daga fuskokin wasu mutane, mafi yawansu ba 'yan nan ba. Idon da suka zana ba idon mamacin ba ne, haƙoran ba nasa ba ne. Suna iya ɗaukar tsagar gado da ke kuncin mutum a matsayin tsagewar takarda su shafe ta, alhali ita ce take faɗin asalinsa. Suna iya mayar da saƙi ya zama yadin kanti, su ba rawani launin da mai shi bai taɓa naɗawa ba. Ga mai neman abin sa wa a fuskar waya ranar tunawa, wannan wasa ne marar laifi idan an faɗi cewa na'ura ce ta yi. Matsalar ita ce ƙawataccen kwafi ya fi saurin yawo, bayan shekara ashirin shi za a sani, jikoki su rantse cewa haka kakansu yake. Al'ummar da ta san darajar isnadi a karatu, take tambayar daga wa aka ji, bai kamata ta karɓi fuskar da ba ta da asali ba. Gyaran da ya halatta shi ne wanda yake kawar da abin da zamani ya ɗora, kamar ƙura da tabo da dusashewa. Wanda yake ƙara abin da babu shi, ƙage ne. Buga hoton a baƙi da farinsa hanya ce ta faɗa wa mai kallo iyakar abin da aka sani.

Ana kuma iya cewa, tunda akwai shagunan buga hoto a gari, ga kuma masu kwamfuta a titin Beirut da sauran wurare, me ya kawo sayen na'ura? Ga wanda hotunansa biyar ne, shago ya wadatar, kuma injinan wankin hoto na manyan shaguna suna ba da bugu mai ƙarko, ko da yake su ma a takardar kala suke buga baƙi da fari, kuma tokarsu takan karkata. Amma wanda ya san gidajen cikin birni ya san dalilin da ya sa hotuna da yawa ba za su taɓa fita ƙofar gida ba. Hoton mahaifiya tana amarya, ko na matan gida a tsakar gida ranar suna, ba abin da maigida zai miƙa wa yaron shago ba ne ya bar shi a kwamfutar da kowa ke taɓawa. Tsohuwa ma ba za ta ba da hoton mijinta a tafi da shi ba, domin ta ga yadda aron hoto yake ƙarewa. Idan na'ura ce ta shigo gida, aka yi aikin a gabanta aka mayar mata da kayanta a take, za ta buɗe adakar. Batun tsada kuwa, babu wanda ya ce kowane ɗaki ya sayi tasa. Gida ɗaya a Koki yana iya haɗa zuri'ar da ta bazu zuwa Fagge da Gwammaja da Abuja da Jidda, kuma abin da ake tarawa a gudummawar biki guda ya isa a sayi na'ura ɗaya ta zagaya dangi. Yawan amfani ma gata ne a gare ta, domin babban ciwon firinta a Kano shi ne zama. Busasshiyar iskar hunturu tana daskarar da tawada a ƙananan ramukan da take fita, bugu ya riƙa fitowa da layi-layi. Wadda ake bugawa da ita ko sau ɗaya a mako, ana rufe ta da ƙyalle, ana gwada ramukan kafin a sa takarda mai tsada, ta fi wadda aka ajiye ana tattali daɗewa.

Saura maganar addini, wadda ba a tsallake ta a unguwar malamai. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara. Wasu sun sa shi cikin hanin da ya zo game da sura, sai abin da lalura ta kawo kamar fasfo da katin shaida. Wasu sun bambanta shi da sassaƙa da zanen hannu, suna ganin kama inuwar abin da Allah ya halitta ne. Da yawa daga masu sassauci ma ba sa son a rataye hoto a bango don girmamawa. Wannan rubutu ba fatawa ba ne, kuma kowa ya bi malamin da ya natsu da shi. Abin lura kawai shi ne, aikin da ake magana a kai bai dogara da rataya ba. Albam a rufe a cikin akwati ya ma fi bango dacewa da lafiyar hoton. Wanda kuma ya ga ba zai ajiye hoto a gidansa ba sam, yana da zaɓin da ya fi ƙonawa: ya miƙa wa ɗan'uwan da yake da wata fahimta, ko ya ba wa wurin adana tarihi, tunda a cikin hoton akwai gini da sutura da titi da sana'a waɗanda na jama'a ne gaba ɗaya.

Abin da ya faru a Mali ya isa ishara. Seydou Keïta ya buɗe shagon hoto a Bamako a 1948, yana ɗaukar mutanen gari da kayan adonsu, ya kuma adana dodannin hotonsa. Da aka waiwaye su a farkon shekarun 1990, sai ga su a manyan gidajen baje kolin duniya, kuma tun 1994 Bamako take karɓar bikin hotuna na Afirka. Malick Sidibé, shi ma mai shagon unguwa ne, ya karɓi babbar lambar yabo ta bikin fasaha na Venice a 2007. Ba wai Bamako ta fi Kano mutane ko tarihi ba ne, abin da aka ajiye ne ya yi magana. Kano tana da wuraren da za su iya karɓar kwafi: Gidan Makama, da Hukumar Tarihi da Al'adu da ke Gidan Ɗan Hausa, da Gidan Mambayya na Jami'ar Bayero, ga kuma Arewa House a Kaduna. Amma babu ma'aikacin gwamnatin da zai shiga ɗakin Hajiya ya buɗe adaka. Daga cikin gida aikin zai taso, hukuma ta tarar da shi a hanya.

Kuma a cikin aikin duka, abin da ya fi gaggawa ba na na'ura ba ne. Hoton da ba a san ko wane ne a ciki ba ya rasa rabin amfaninsa, komai kyan bugunsa. Bugun gida yana da wata falala da tsohon hoto ba shi da ita: ana iya barin fili a ƙasa a buga suna, da sunan uba, da laƙabi, da unguwa, da sana'a, da shekara ko abin da ya faru a shekarar, da sunan wanda ya ba da bayanin. Inda ake shakka a rubuta cewa ana zato ne. Masu iya ba da wannan bayani su ne suke ƙarewa. Alhaji Aminu Dantata, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a 2025, kuma tsararsa da suka ga Koki ta zamanin gyaɗa da idonsu saura ƙalilan, mafi yawansu mata ne a cikin ɗakuna waɗanda ba a taɓa tambayarsu komai ba. Firinta mai tawadar toka za ta jira a tara kuɗinta, farashinta ma yana iya sauka. Don haka tsarin aikin shi ne a fara zama da tsofaffi da fensir da littafi, a ba kowane hoto lamba a rubuta abin da suka faɗa, sannan a yi sikanin, sannan a buga aƙalla kwafi uku a raba wa gidaje uku, a mayar da na asali cikin takarda mai tsabta a wuri busasshe nesa da ƙasa. Iyalin da suka yi wannan a hutun sallah ɗaya sun gama abin da jikokinsu ba za su iya yi ba ko da nawa za su kashe.